Kuɗin tabilet na 'yan aji ɗaya zuwa uku: mu biya ko mu dakata?

Uwar 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, ya sanyi? Shawara nake nema, musamman wajen malaman da ke cikinmu. Jiya yarana suka dawo da takarda daga makaranta, wai daga zango mai zuwa 'yan aji ɗaya zuwa aji uku da tabilet za a riƙa koya musu karatu da rubutu, kowane yaro a ba da naira 25,000 ban da kuɗin makaranta. Ni biyu gare ni a aji biyu, kun ga 50,000 ke nan. Makarantar kuɗi ce ta cikin unguwa, nan gefen Unguwar Rogo a garin Jos, suna dai ba zan kama ba.

Ba kuɗin ne kaɗai ya hana ni barci ba. Da daddare na juya takardar na rubuta "baba ya tafi kasuwa", na miƙa wa namijin na ce karanta min. Ya ƙura wa takarda ido, ya ɗago ya kalle ni, sai ya kama rera min A for apple har Z ko tuntuɓe bai yi ba. Macen ta gane "baba", daga nan ta tsaya cak. Shekara biyu ina biya, ban da nazare. To tabilet ne zai gyara wannan, ko wata hanyar tatsar iyaye ce? Ranar Asabar akwai taron PTA, ina so in je da magana a bakina.

Baban Yara na Kubwa:
Wa alaikumussalam. Hajiya ki daure ki biya. Nan Abuja makarantar 'ya'yana sun daɗe da farawa, ƙaramata shekararta biyar amma ita ke nuna min inda zan danna a wayata. Tun 2015 JAMB ta daina takarda da fensir gaba ɗaya, sai kwamfuta. Kowace shekara muna ganin yaranmu na Arewa sun shiga ɗakin jarrabawa hannu na rawa don ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mai Gyaran Waya:
Hajiya kafin ki biya ki tambaya wace irin tabilet ce ta 25,000. Kullum sai an kawo min irin na yaran nan shago a Terminus. Sau daya yaro zai yar da ita a kasa, shi ke nan gilashi ya tafi, kudin gyara ya kusa kudin sabuwa.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana mai waya, a kasa ko a ƙasa? Kasa dai maciji ce, in yaro ya yar da tabilet a kanta sai mu yi maganar asibiti. Kai da ke buɗe cikin waya, ka sa wa taka Hausa a allon rubutu na Gboard mana, ka danne k na ɗan lokaci ƙ za ta fito.

Mai Gyaran Waya:
Tuba nake Baba. Na saka. Ƙasa. Kuɗi. Ɓera. Yau ni ma na shiga aji ɗaya.

Tsohon Hedimasta:
Madalla. To 'yata Uwar 'Yan Biyu, bari in ba ki labari, ki yi haƙuri da tsawon maganar tsoho. Na fara riƙe alli a 1976, shekarar UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, lokacin da aka kwaso yara aka cika azuzuwa malamai ba su isa ba, har irinmu da ba mu gama nuna ba aka tura mu aji. Tun daga nan na ga abubuwa da yawa an kawo da kiɗa da ganga an ce su ne maganin jahilci. A 2007 aka kawo wasu 'yan kwamfutoci kore da fari wata firamare a Galadima, can wajenku Baban Yara. Shirin wani Ba'amurke ne, Nicholas Negroponte, kowane yaro da tasa, ana yi mata kirari da kwamfutar dala ɗari. Har aka ce Najeriya za ta sayi miliyan ɗaya, maganar ta bi ruwa. A 2013 Osun ta raba wa 'yan babbar sakandare nata, Opon Imo, wato allon ilimi da Yarbanci.

Ba na ce na'ura haram ba ce. Abin da na sani, ranar rabo kowa na nan, da 'yan jarida da masu hoto. Ranar da batir ya kumbura ba ka ganin kowa. A makarantar da na yi ritaya akwai ɗakin da aka rubuta wa ɗakin kwamfuta a ƙofa, makulli na aljihuna shekara huɗu, kwamfutoci goma a lulluɓe da leda, babu wuta, babu kuɗin man janareta. Ƙarshe buhunan siminti muka riƙa ajiyewa a ciki.

Baban Yara na Kubwa:
Baba da girmanka, wannan laifin mutane ne ba na kwamfuta ba.

Tsohon Hedimasta:
Ai mutanen ne za su riƙe tabilet ɗin, ba aljanu ba.

Malamar Aji Ɗaya:
Salamu alaikum. Yanzu na taso, na ga saƙonni. Yaya Uwar 'Yan Biyu, abin da kika gani a ɗanki kullum ina ganin sa. Ba daƙiƙi ba ne. Sunan harafi aka koya masa a waƙa, ba a koya masa sautinsa ba, ba a kuma koya masa haɗa baƙi da wasali ba. Yaron da ya san b da a suna ba da "ba", ya san "ba" biyu suna ba da "baba", ya kama hanya. Wanda bai sani ba, ko shekara goma zai yi yana waƙar apple ba zai karanta sunansa ba.

Ni a firamaren gwamnati nake, yara 64 a rajista, masu zuwa kullum kamar 50. Kuma ina amfani da waya, kada a ɗauka ƙyamar ta nake. Ga yadda nake yi. Ina da 'yar sifika da na saya da kuɗina, da safe in kunna waƙar wasula a e i o u mu bi tare, minti uku, in kashe in jefa a jaka. Sauran aikin na marfin kwalba ne. Na tara marafan lemo na rubuta gaɓa ɗaya a cikin kowanne da maka: ba, ka, ma, ta, ki, fi, ra, go. In zuba wa kowane benci tuli, in ce a haɗa min "kifi". Sai ki ga kawuna sun haɗu ana tono, wani ya ajiye fi kafin ki, 'yar kusa da shi ta ce a'a wannan fiki ne, su kwashe da dariya su juya. Daga nan kowa ya kwafa a littafinsa, ina zagayawa ina kama hannun wanda ke juya b ta koma d. Wannan dabarar wajen wata ƙawata da ke koyarwa a Bauchi na samo tushenta, su sun yi horon Mu Karanta, na koyar da yara karatu, da aka yi musu da Sakkwato.

Inda waya ta fi min amfani wuri biyu ne. Ranar Juma'a nakan kira yara biyar ɗaya bayan ɗaya, in sa agogon waya minti ɗaya, yaro ya karanta, in ƙirga kalmomin da ya samu daidai in rubuta. Bayan wata in sake. Na biyu, nakan naɗi muryar yaro yana karatu in kunna masa. Akwai wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba, ranar da ta ji muryarta ta fito daga sifika tana cewa "kaka ta dafa wake", rufe fuska ta yi da hijabi tana dariya, washegari ita ta fara ɗaga hannu.

Amma a ba kowane yaro tasa a hannu? Ɗan yayata yana da irin manhajar nan. Na zauna kusa da shi na kalla. Za a nuna hoto da kalmomi uku, shi ba ya ma kallon kalmomin, dannawa yake ɗaya bayan ɗaya har tauraro ya fito a yi masa tafi. Ya kai mataki na ashirin da wani abu, na rubuta masa "cat" a takarda ya kasa.

Maman Auta:
Malama na yarda da ke amma ba duka ba. Autana yana da in'ina. A aji in ya tsaya yana ƙoƙarin fitar da kalma yara su yi ta dariya, malamin kuma ba shi da haƙuri, sai bulala. Ya kai ga da safe sai ya ce cikinsa na ciwo. Babansa ya saukar masa da wata manhaja mai faɗin sautin harafi, ya shige ɗaki shi kaɗai ya maimaita sau talatin, ba mai dariya ba mai tsawa. Wallahi da ita ya kama. Waya ba ta gajiya kuma ba ta duka, wannan ma a faɗa.

Malamar Aji Ɗaya:
Gaskiyarki Maman Auta, Allah ya ƙara masa buɗi. Amma in tambaye ki, wa ke zama kusa da shi?

Maman Auta:
Ni mana, ko yayarsa. In ba haka ba ai katun zai koma.

Ɗalibar Jami'a:
Iyayena ku ba ni dama in sa baki, ilimin firamare nake karanta kuma a kan wannan nake aikin kammalawa. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwan kwamfutocin da Baba ya ambata ta raba wa yaran karkara. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da binciken da ya yi a kai: yaran sun iya sarrafa kwamfuta sosai, amma makinsu na harshe da lissafi bai ɗaga ba. Kenya kuma a shirinta na Tusome da ya fara a 2015 sai ta bi ta wata hanya. Kowane yaro aka ba shi littafi na takarda, malami aka ba shi jagorar darasi, tabilet kuwa aka damƙa wa jami'an da ke zagaya makarantu suna zama a bayan aji suna kallon yadda malami ke koyarwa. Can karatun yara ya ɗaga. Ita ma Suwidin, da ta fi mu wuta da intanet nesa ba kusa ba, a 2023 ministarta ta makarantu ta ce a koma wa littafin takarda da rubutun hannu a ƙananan azuzuwa.

Baban Yara na Kubwa:
Ƙanwata kin zaɓo waɗanda suka dace da ra'ayinki. Me ya sa ba ki kawo Tanzaniya ba? Gasar XPRIZE da Elon Musk ya ba da kuɗinta, aka kai tabilet ƙauyuka da sola, yara da yawa ba su ma zuwa makaranta, kuma aka samu waɗanda suka koyi karatu da ita. A 2019 aka raba kyautar tsakanin onebillion da Kitkit School. Ga Edo nan kusa, a 2018 suka fara shirinsu na tabilet a makarantu, EdoBEST, Legas da Kwara suka bi sahu. Su ba su san abin da suke yi ba ne?

Ɗalibar Jami'a:
Yaya, a Edo hannun malami tabilet ɗin take, darasin ranar ne a rubuce a ciki yana bi, tana kuma nuna ko ya zo aiki. Yara da littafi da fensir suke. Na Tanzaniya kuma gaskiya ne, amma da Swahili manhajar ke magana, harshen da ake karatun firamare da shi a ƙasar. Wannan ta makarantar su Anti da wane harshe za ta yi magana?

Uwar 'Yan Biyu:
Takardar ba ta faɗa ba. An dai rubuta cewa daga waje aka kawo manhajar.

Alaramma:
Assalamu alaikum warahmatullah. Ina ta karantawa ina murmushi. Kowane yaro da allonsa, wannan ai mu muka riga kowa. Ɗari nawa na shekaru muna yi, ba caji ba data, in ya faɗi a ɗauka a kaɗe. Yaro ya fara da babbaƙu, sai ya gane kowane harafi da idonsa da bakinsa kafin a sa masa wasali ya shiga farfaru. Abin da Malama take yi da marfin kwalba ke nan, ba ta dai sani ba almajira ce. Kuma ba a wanke allo sai ya biya wa malam an ji. Daga baya shi zai riƙe alƙalami ya tsoma a tawada ya rubuta da kansa. Abin da hannu ya rubuta yana zama a ƙirji. Ni ma ina kunna wa yara ƙira'a a waya don su ji fitar harafi daga bakin gwanaye, amma ban taɓa ganin wanda ya iya rubutu da saurare ba.

Tsohon Hedimasta:
Allah gafarta Malam, a nan kam muna tare. Sai dai ku ma ku rage bulala, kun ji abin da Maman Auta ta ce.

Alaramma:
Ranka ya daɗe, bulalar da ka yi a 1976 har yanzu akwai masu tabonta a Gangare.

Hajiya Mai Kaya:
Salam 'yan uwa, akwai rigunan sanyi na yara masu kyau sabon buɗi daga Katako, da safa da hula, mai so ya yi min magana ta gefe.

Shugaban Zaure:
Hajiya talla sai Lahadi, an sha faɗa. A ci gaba.

Baban Yara na Kubwa:
To bari in faɗi abin da kowa ke kewayewa. Duk maganarku a kan malami nagari take, irin Malamar Aji Ɗaya. Su nawa ne? A 2017 Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 cikin kusan 33,000 suka kasa kai makin da aka sa. Makarantun kuɗi na lungu kuma kun san wa suke ɗauka, yarinyar da ta gama sakandare tana jiran sakamako. In malama da kanta ba ta san sautin harafi ba, gara na'urar da ta sani.

Malamar Aji Ɗaya:
Alhaji, maki 75 cikin 100 aka sa a jarrabawar nan, a faɗi wannan ma. Amma ban musa ba, akwai waɗanda bai kamata su riƙe alli ba. Sai dai malamar da ba ta iya ba, in ka zuba mata tabilet arba'in a aji, ka ƙara mata aiki ne. Wannan tasa ta mutu, wancan ya fita daga manhaja, waccan ta zauna a kan tata, minti talatin da biyar na darasi sun ƙare a "Anti tawa ba ta yi". Da kuɗin tabilet biyu za a kawo wanda zai zauna da malaman nan sati guda ya koya musu haɗa gaɓa. A sa darasin a wayar malamar, ta saurara da daddare, ta shigo da safe ta yi. Na yi NCE a Gindiri, amma wallahi rabin abin da nake yi yanzu daga saƙon murya na zauren malamai na koya.

Tsohon Hedimasta:
Ku dawo kan tambayar 'yar jami'a, nan gizo ke saƙar. Hausar boko yadda aka rubuta haka ake faɗa. K kullum k ce, a kullum a ce. In ka cire dogon wasali da karin sauti da ba ma nunawa, shi ya sa "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa suke kama ɗaya a takarda, babu wani tarko. Yaro mai jin Hausa yana iya kama karatunta cikin 'yan watanni. Turanci fa? C ɗin cat daban, ta city daban, ga harafin da ake rubutawa ba a faɗa. Ka haɗa wa ɗan shekara shida kaya biyu, koyon karatu da koyon harshen da ba ya ji, sannan ka ce ya cika wasa. In ya iya karatu da harshen da yake mafarki da shi, tsallakawa Turanci ba ta wuya.

Malam Na Rikkos:
Baba a Kano ko Katsina wannan magana ta zauna. Nan Jos ne. Ajina akwai Berom, akwai Afizere, akwai Anaguta, Ngas, Fulani, Yarbawa, Ibo. Gaskiya ne a filin wasa duk Hausa suke yi, irin tamu ta Jos da mace ma "ya zo" ce. Amma ka sa Hausa a allo a matsayin harshen koyarwa ka ga iyaye washegari a ofishin hedimasta. Ka san garin nan, ƙaramar magana ba ta zama ƙarama. Kuma gwamnati ma ta juya. A Nuwamban 2022 Adamu Adamu ya sanar a koyar da harshen uwa duk shekara shida na firamare, a Nuwamban 2025 Tunji Alausa ya ce an soke, a koma Turanci. Mu na cikin aji ko littafi ɗaya na tsarin farko ba mu gani ba har aka soke shi.

Tsohon Hedimasta:
Na san da haka Malam. Amma makarantar 'yan biyun nan a Unguwar Rogo take, na tabbata kusan duk ajin da Hausa suka tashi. Kuma ba wanda ya hana uwa ta koya wa ɗanta ba be bi bo bu a tsakar gidanta, minista bai soke wannan ba.

Ɗan Kwamiti:
Jama'a na yi shiru ne don ina jin nauyi. Ina cikin kwamitin wata makaranta irin wannan, ba ta su Hajiya ba, amma mu ma maganar tana gabanmu. Ku ji ta ɓangarenmu. Bara yara goma sha ɗaya aka cire mana aka kai wata makaranta a layin baya, don kawai sun sa hoton yaro riƙe da tabilet a allon ƙofarsu. Iyaye ba sa tambayar ko yaro ya iya karatu. Suna tambayar akwai kwamfuta? Ana Turanci? Akwai bikin yaye ɗalibai da riga da hula? Mun taɓa gwada koyar da karatun Hausa a aji ɗaya, wani uba ya zo har ofis ya ce shi bai biya kuɗi don a koya wa ɗansa abin da ya iya tun a gida ba. Mai makaranta ba mugu ba ne, kasuwa yake bi.

Uwar 'Yan Biyu:
Malam wannan magana ta taɓa ni, don ni ma abin da ya sa na kai su can ke nan. Na ji yaran maƙwabta suna good morning ma, na ce nawa ma sai can.

Mai Gyaran Waya:
Tunda an zo kan gaskiya bari in ƙara nawa. Tabilet arba'in wa zai yi musu caji? In an ce sola, a nuna muku faranti da batir da kuɗinsu a rubuce. Ƙurar hunturun nan tana toshe bakin caji, yara kuma da ƙarfi suke cusa waya, wata uku bakin ya saki. Ku tambaya manhajar tana aiki ba data? Tun farkon 2025 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kashi 50 a kuɗin kira da data kowa ya ji a jikinsa. In ta fashe wa zai biya, uwa ko makaranta? Gida za a riƙa zuwa da ita ko a can za ta kwana? In a can ne, akwai maigadi? Ni dai ciniki ne zai ƙaru min, amma amana ta sa na faɗa.

Ɗalibar Jami'a:
Kuma akwai na kyauta da ba a ma taɓa ba. Nigeria Learning Passport na ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF yana nan tun 2022. African Storybook da Bloom Library suna da ƙananan labaran yara da Hausa masu hoto, ana saukewa a buga a takarda. Mutum ɗaya ya sauke ya tura wa saura ta Xender. Da 25,000 ɗin yaro ɗaya za a yi fotokwafin labarai da dama a ajiye a kwali a bayan aji.

Baban Yara na Kubwa:
Na ji duka. Amma ni har yanzu ina nan a kan bakata, yaron da bai taɓa na'ura ba an bar shi a baya. Ku dai kada ku mayar da talauci ya zama hujja. Masu cewa a koma takarda a Turai 'ya'yansu da kwamfuta a ɗaki.

Malamar Aji Ɗaya:
Alhaji yaron Jos na yau ba taɓa na'ura ya rasa ba, ka ba ɗan shekara huɗu wayarka ka ga ko bai nemo maka TikTok ba. Littafi ne bai taɓa riƙewa ba. A ajina akwai waɗanda in na ba su littafi a juye suke kamawa.

Yaya, ga abin da za ki yi yau kafin Asabar. Ki yanka kwalin sukari gida ashirin, ki rubuta ba, ka, ta, ma, sa, ki, fi, ri, ga, wa, kowacce sau biyu. Ki nuna musu biyu kawai da farko, ba da ka, ki faɗa su faɗa. Sai ki jera: baba, kaka, baka, kaba. Minti goma, kada ki wuce, kada ki yi tsawa. A taron kuma ki roƙi abu ɗaya: a kira yara biyar na aji uku, ba waɗanda malama ta zaɓa ba, a ba su layi uku da ba su taɓa gani ba su karanta a gaban iyaye. Bayan nan a yi maganar tabilet.

Ɗan Kwamiti:
Malama so kike a tashi taron da faɗa.

Tsohon Hedimasta:
A yi shi a ofis ba a gaban taro ba, kada a kunyata yara. Iyaye uku su shiga su shaida.

Uwar 'Yan Biyu:
Ina kwananku. Na yi abin da Malama ta ce jiya bayan Magariba, da fitilar waya don an ɗauke wuta. Macen nan da nan ta kama, har ta haɗa "taba" da kanta ta ce min irin ta kakansu. Namijin da farko "bi-e, bi-e" yake ta cewa, sunan Turancin ya riƙe masa harshe. Na kusa ɗaga murya na tuna an hana ni. Can na ajiye ka da ka, ya yi shiru, ya sa yatsa a kan na farko ya ce ka, ya matsa ya ce ka, sai ya zaro ido ya ce "Kaka!" ya ruga ɗakin surukata da kwalin a hannu. Yau da asuba kafin in haɗa shayi ya kwaso su ya baje a kan tabarma, guda biyu har sun jiƙe da ruwan alwala.

Kuɗin dai ban biya ba, ban kuma ce ba zan biya ba. Na kwafe tambayoyin Mai Gyaran Waya a takarda. Malama, kwalin ba zai yi ƙarko ba, marfin nawa zan nema?

Malamar Aji Ɗaya:
Talatin sun isa farawa. Na roba, ba na ƙarfe ba, suna yankar hannu. Ki wanke ki shanya, ki sayi baƙar maka mai bakin siriri.

Mai Gyaran Waya:
Mai lemon da ke jikin shagona yana da rabin buhu, zubarwa yake. Hajiya ki aiko yaro da leda bayan La'asar.

Maman Auta:
A ɗebar min nima.